BABI NA HUƊU: AIKI DA FOM DA YAWA A BUƊE LOKACI GUDA A MANHAJAR RUMBUN BAYANAI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin yadda aka rarraba bayanan shagon ɗinkin babbar riga na cikin Birnin Zazzau zuwa jadawalai biyar, aka kuma nuna alaƙar da ke tsakanin kowane jadawali da ɗan'uwansa. To, amma mai shago ba jadawali yake buɗewa ba idan abokin ciniki ya tsaya a gabansa. Abin da yake gani a fuskar kwamfuta shi ne fom, kuma da wuya fom guda ya ishe shi amsa tambaya guda. A wannan babi za a duba abin da ke faruwa idan aka buɗe fom biyu ko uku ko fiye a lokaci guda: dalilin da ya sa ake buƙatar haka, hanyoyin da ake bi a buɗe su, matsalolin da ke biyo baya, da kuma ƙa'idojin da aka bi wajen magance su.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kowane fom da aka buɗe yana riƙe da hoton bayanai na lokacin da ya ɗebo su daga jadawali. Saboda haka idan ba a yi tanadi ba, fom biyu za su iya faɗin magana biyu a kan riga ɗaya. An yi amfani da Microsoft Access wajen kawo misalai domin da ita aka gina manhajar wannan aiki, amma ƙa'idojin sun shafi sauran manhajoji irinta.

4.1 Ma'anar Fom da Dangantakarsa da Jadawali

Rumbun bayanai wuri ne a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, inda ake adana bayanai bisa tsari domin a same su cikin sauƙi. Irin rumbun da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga tsarin da E. F. Codd na kamfanin IBM ya gabatar a shekarar 1970, inda ake zuba bayanai cikin jadawalai masu layuka da gurabe, a kuma haɗa jadawali da jadawali ta hanyar lambar shaida. Kowane layi yana wakiltar abu guda, alal misali riga guda ko mutum guda. Kowane gurbi kuma yana ɗauke da siffa guda ta wannan abu, kamar suna ko farashi ko kwanan wata.

Fom kuwa taga ce da ake zanawa a fuskar kwamfuta domin a duba layukan jadawali, ko a shigar da sabo, ko a gyara tsoho. Ana iya kwatanta jadawali da babban littafin shago da ke cikin akwati, fom kuma da takardar da yaron shago ya kwafo wani ɓangare na littafin a kanta ya kawo wa maigida. Idan an yi gyara a kan takardar, littafin bai san da shi ba sai an koma an rubuta a ciki. Haka kuma idan wani ya ƙara rubutu a littafin bayan an kwafo, takardar ba ta san da shi ba sai an sake kwafowa. A kan waɗannan abubuwa biyu ne duk bayanin wannan babi ya ginu.

4.2 Taƙaitaccen Tarihin Buɗe Fom da Yawa

A zamanin da ake aiki da MS-DOS, fuskar kwamfuta tana ɗaukar layi 25 ne na rubutu, kowane layi harafi 80, kuma mai aiki shafi guda yake gani a lokaci guda. Manhajar dBASE III, wadda kamfanin Ashton-Tate ya fitar a 1984, ta ba da damar buɗe jadawali har 10 a lokaci guda, kowanne a nasa fagen aiki, amma wannan a bayan fage ne. Mai shigar da bayani sai ya fita daga shafi ɗaya kafin ya shiga wani. Wannan tsari yana da jinkiri, sai dai yana da kariya, domin ba a samun shafi biyu suna ja-in-ja a kan layi ɗaya a kwamfuta ɗaya.

Al'amarin ya canza bayan fitowar Windows 3.0 a 1990, inda tagogi masu hawa kan juna suka zama ruwan dare. Visual Basic ya fito a 1991, Microsoft Access a 1992, sa'an nan Delphi na kamfanin Borland da Visual FoxPro suka biyo baya a 1995. Dukansu sun ba mai tsara manhaja damar yin babbar taga guda wadda ƙananan tagogi suke zaune a cikinta. Masu Visual FoxPro sun lura da haɗarin da ke cikin wannan tun da wuri, shi ya sa suka ba kowane fom damar samun nasa keɓaɓɓen zaman aiki da jadawalai, don kada motsin da aka yi a fom ɗaya ya gusar da ɗayan daga layin da yake kai. Daga Access 2007 aka mayar da tsarin shafuka masu kunne a sama ya zama shi ne na asali, inda fom-fom suke jere kamar shafukan fayil, ko da yake ana iya komawa ga tagogi masu hawa kan juna. Microsoft ya daina tallafa wa Visual FoxPro a 2015, kuma manhajoji da yawa sun koma kan intanet da wayar hannu. Duk da haka matsalar tana nan, domin wanda ya buɗe shafi biyu na asusu ɗaya a intanet yana cikin halin wanda ya buɗe fom biyu a Access.

4.3 Dalilin Buƙatar Fom da Yawa a Sana'ar Ɗinkin Riga

Birnin Zazzau, watau tsohon gari da ke cikin ganuwa, ya daɗe da yin suna a kan ɗinkin hannu na manyan riguna irin su aska biyu da aska takwas. Abin lura a nan shi ne, riga guda ba hannu guda ke yin ta ba. Tela ne zai yanka shadda ya haɗa, mai zane ya fitar da aska da tambari a jikinta, sa'an nan a miƙa ta ga masu ɗinkin hannu, waɗanda da yawansu mata ne da ke aiki a cikin gidajensu, yara ke kai musu su kuma karɓo. Bayan an gama sai wanki da bugu. Riga tana iya fita daga shago a kusa da kasuwar birni, ta kwana a Kwarbai, ta yi makonni a Ƙaura ko Unguwar Juma, kafin ta dawo. Mai rigar kuma yana iya kasancewa a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru, ko ma a Kaduna da Abuja, yana bugo waya. Aiki yakan yi yawa gab da Sallah, lokacin da masu sarauta da mahaya ke shirin Hawan Sallah da Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau.

Wannan yanayi ne ya sa aka raba bayanan zuwa jadawalin abokan ciniki, da na riguna, da na masu aiki, da na zirga-zirgar riga daga hannu zuwa hannu, da na biyan kuɗi. A ƙaddara Alhaji Wane ya shigo ta Ƙofar Doka ya tsaya a shago yana tambaya: “Ina rigata take, yaushe zan karɓa, kuma nawa ya rage a kaina?” Tambayar guda ce a bakinsa, amma amsarta tana cikin jadawalai huɗu. Idan kuma ya ciro kuɗi zai rage bashi, kuma a daidai lokacin yaro ya shigo da wata riga daga gidan mai ɗinki, to mai shago yana buƙatar fom na riga da na kuɗi da na zirga-zirga duk a gabansa. Idan aka tilasta masa rufe ɗaya kafin ya buɗe wani, zai ga littafinsa na takarda ya fi sauri, domin a littafi yana iya sa yatsa a shafi ɗaya ya duba wani.

Har wa yau akwai batun suna. A cikin birni ana iya samun mutum da yawa masu suna Muhammadu ko Shehu ko Aliyu a unguwa guda, wasu kuma an fi sanin su da laƙabi ko sarauta. Saboda haka ba a haɗa fom da fom ta hanyar suna. Lambar shaida ce kaɗai ake miƙawa daga wannan fom zuwa wancan.

4.4 Hanyoyin Buɗe Fom

Akwai hanyoyi uku da ake bi a sa fom fiye da ɗaya a gaban mai aiki. Kowace tana da inda ta dace.

4.4.1 Fom Ɗan Ciki

Wannan fom ne da ake dasawa a cikin wani fom, kamar aljihu a jikin riga. Ana amfani da shi inda layi guda na wani jadawali yake da layuka da yawa a wani jadawalin, alal misali abokin ciniki guda da rigunansa. Ana gaya wa Access gurbin da ya haɗa uwa da ɗa, watau lambar abokin ciniki, daga nan duk lokacin da uwar ta matsa zuwa wani mutum sai ɗan ya nuna rigunan wannan mutum kaɗai. Bugu da ƙari, idan mai aiki ya tsallaka daga uwa zuwa ɗa, Access tana adana layin uwar da kanta. Wannan ita ce hanya mafi aminci, domin manhajar ce ke ɗaukar nauyin daidaita su. Illarta ita ce cunkoso, domin idan aka dasa ’ya’ya uku ko huɗu a fom guda, fuskar kwamfuta takan cika har mai aiki ya rasa inda zai duba.

4.4.2 Fom Mai Zaman Kansa

Wannan fom ne da yake buɗewa a tasa tagar, kuma mai aiki yana iya barin sa ya koma wani ya sake dawowa. Ana buɗe shi da umarnin OpenForm, tare da sharaɗin da zai sa ya nuna layin da ake so kaɗai, misali rigar da lambarta ta yi daidai da wadda aka zaɓa. Access tana riƙe da jerin duk fom-fom da ke buɗe, kuma ta wannan jeri ne fom ɗaya yake iya leƙa abin da ke cikin gurbin wani. Wannan hanya ce ta fi ba mai aiki ’yanci, kuma ita ce ta fi haifar da matsalolin da za a kawo a sashe na 4.5, domin babu wanda ke daidaita tagogin sai mai tsara manhaja ya rubuta umarnin yin haka.

4.4.3 Fom Mai Tsare Hanya

Wannan fom ne da idan ya buɗe ba ya barin mai aiki ya taɓa wata taga sai an sallame shi. Idan aka buɗe shi da zaɓin acDialog, umarnin da ya kira shi ma yakan dakata, ba ya ci gaba sai an rufe fom ɗin ko an ɓoye shi. Amfanin wannan dakatawa babba ne, domin mai tsara manhaja ya san tabbas cewa layin umarni na gaba ba zai gudana ba sai bayan an gama shigar da bayani, don haka nan ne wurin da ya dace a sa umarnin sabunta fom na baya. Ya dace da gajeren aiki mai farko da ƙarshe, kamar karɓar kuɗi. Bai dace da dogon aiki ba, domin yana mayar da mai aiki zamanin shafi guda.

4.5 Matsalolin da ke Tasowa

4.5.1 Tsohon Bayani

A ƙaddara an yi cinikin riga a kan naira 120,000, aka ba da kafin alƙalami naira 50,000. Da aka buɗe fom na riga sai ya lissafa ya nuna ciko naira 70,000. Ana nan sai mai rigar ya ba da ƙarin naira 30,000, aka buɗe fom na kuɗi aka shigar. A cikin jadawali ciko ya koma naira 40,000, amma fom na riga yana nan yana nuna 70,000, domin ya yi lissafinsa tun kafin sabon layin ya shiga. Idan maigida ya fita salla ya bar yaro, sai mai rigar ya aiko a karɓa masa, yaron zai nemi kuɗin da aka riga aka biya. A sana'ar da aka gina a kan amana, irin wannan kuskure ya fi asarar kuɗi ciwo, domin mai rigar zai ɗauka da gangan aka yi.

Access tana da umarni biyu na sabuntawa, kuma ba ɗaya suke ba. Umarnin Refresh yana sake karanta layukan da fom ya riga ya ɗebo, ya nuna gyaran da aka yi musu, ya kuma yi wa wanda aka share alama, amma ba ya kawo sabon layi. Umarnin Requery shi ne yake komawa jadawali ya ɗebo komai daga farko, har da sababbin layuka. Tun da biyan kuɗi sabon layi ne, Requery ake buƙata a nan. Sai dai shi ma yana da hali guda: yana mayar da fom zuwa layin farko. Saboda haka wajibi ne a riƙe lambar rigar da ake kai kafin a ba da umarnin, a koma kanta bayansa, in ba haka ba mai aiki zai ɗaga kai ya ga rigar wani a gabansa, ya ci gaba da rubutu a kanta.

Irin wannan matsala takan faru da jerin zaɓi. Idan aka yi wa sabuwar mai ɗinki rajista a fom na masu aiki, sunanta ba zai fito a jerin zaɓi na fom ɗin zirga-zirga da ke buɗe ba sai an sabunta jerin. Wanda bai san haka ba yakan ɗauka rajistar ba ta shiga ba, ya sake yi, sai mutum guda ya samu lamba biyu, ladan aikinsa ya rabu gida biyu.

4.5.2 Gyaran da Ba a Adana Ba

Access tana adana layi idan aka matsa zuwa wani layi, ko aka rufe fom, ko aka tsallaka tsakanin uwa da ɗan ciki. Amma tsallakawa zuwa wata taga mai zaman kanta ba ta sa a adana. Alamar fensir da ke fitowa a gefen layi ita ce ke nuna cewa gyaran yana kan takarda, bai shiga littafi ba. Idan aka shigar da sabon abokin ciniki, ba a adana ba, aka buɗe fom na riga aka yi yunƙurin rubuta masa riga, rumbun zai ƙi karɓa, domin ƙa'idar da aka kafa a babi na uku ta hana a rubuta riga ga mutumin da babu shi a jadawalin abokan ciniki. Haka kuma idan aka gyara farashi aka danna maɓallin buga rasit nan take, rasit ɗin zai fito da tsohon farashi. Maganin wannan shi ne kowane maɓalli da ke buɗe wani fom ko rahoto ya fara da adana layin da ake kai.

4.5.3 Karo Wajen Gyara

Wannan ita ce matsala mafi haɗari. A ƙaddara an buɗe riga guda a fom biyu. A na farko aka fara canza ranar karɓa zuwa 20 ga wata, ba a adana ba. A na biyu kuma aka canza ta zuwa 25 ga wata aka adana. Idan aka koma na farko za a adana, Access za ta lura cewa layin ya canza tun bayan da aka fara gyara, sai ta fito da gargaɗi mai zaɓi uku: a adana wannan gyara a danne na farko, ko a kwafe shi a ajiye gefe, ko a watsar da shi. Saƙon yakan ce wani mai amfani ne ya yi canjin, alhali kuwa mutum guda ne a kwamfuta guda, tagoginsa biyu ne suka yi karo. Yaron shago da bai saba ba yakan danna zaɓin farko don saƙon ya tafi, ta haka gyaran da ya riga ya shiga ya ɓace ba tare da kowa ya sani ba.

Akwai hanyoyi biyu na tunkarar karo. Ta farko ita ce a bar kowa ya yi gyara, sai wajen adanawa a bincika, kamar yadda aka bayyana a sama, kuma ita ce Access take bi idan ba a canza mata ba. Ta biyu ita ce a kulle layi da zarar an fara gyara shi, kowa ya jira. Har zuwa Access 97 kullewar tana kama shafi guda na ajiya mai girman kilobait 2, wanda yana iya ƙunsar layuka da yawa, ta yadda gyaran riga guda zai hana taɓa maƙwabtanta. Daga Access 2000 aka samu damar kulle layi guda tak. Duk da haka kullewa tana da nata aibi: idan maigida ya fara gyara ya tafi masallaci, layin yana kulle har ya dawo.

4.5.4 Dogaro da Fom da Aka Rufe

Sau da yawa fom na biyu yakan leƙa gurbin fom na farko domin ya san lambar da zai yi aiki da ita. Wannan yana tafiya daidai muddin na farkon yana buɗe kuma yana kan layin da aka bar shi. Idan aka rufe shi, manhajar za ta tsaya da saƙon kuskure, ko ta fito da akwati tana tambayar mai aiki abin da bai gane ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne idan ba a rufe shi ba amma aka matsa shi zuwa wata riga: fom na kuɗi zai leƙa ya ɗauko sabuwar lamba, ya rubuta kuɗin Alhaji Wane a kan rigar wani, kuma babu saƙon kuskure da zai fito. Maganinsa shi ne a miƙa wa fom na biyu lambar tun lokacin buɗe shi, ta gurbin OpenArgs, ya riƙe ta a wurinsa har ya gama.

4.5.5 Ɗaukewar Wutar Lantarki

Duk gyaran da ba a adana ba yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda takan goge da zarar wuta ta ɗauke. Wanda ke aiki da fom guda layi guda zai rasa. Wanda ya bar fom huɗu kowanne da alamar fensir, layi huɗu zai rasa, kuma da wuya ya tuna dukansu. Daɗin daɗawa, yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ɗin rumbun kansa. Tun da ɗaukewar wuta abu ne da aka saba da shi, an ba da shawarar amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir, da kuma kwafe fayil ɗin zuwa wata ma'ajiya kullum bayan an tashi daga shago.

4.6 Ƙa'idojin da Aka Bi a Wannan Aiki

Bisa la'akari da abubuwan da suka gabata, an gina manhajar a kan ƙa'idoji shida:

1. Kowane jadawali fom guda ne yake da izinin gyara shi. Sauran fom-fom suna iya nuna bayaninsa, amma an kulle gurabensu, dubawa kawai ake yi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan ƙa'ida kaɗai ta kawar da karo tsakanin tagogin kwamfuta guda.

2. Ba a ware wa cikon kuɗi gurbi a jadawali ba. Kullum lissafa shi ake yi, watau farashin riga a ɗebe jimlar abin da aka biya. Da an adana shi a gurbi, da sai kowane fom da ya taɓa kuɗi ya tuna ya gyara shi, kuma ranar da ɗaya ya manta littafi zai saɓa wa kansa.

3. Rigunan abokin ciniki da zirga-zirgar kowace riga an yi su a matsayin fom ɗan ciki. Karɓar kuɗi da rajistar sabon mai aiki an yi su a matsayin fom mai tsare hanya, kuma da zarar sun rufe ake sabunta fom ɗin da ya kira su, a mayar da shi kan layin da yake. Fom biyu ne kaɗai masu zaman kansu, watau na abokan ciniki da na riguna.

4. Kowane maɓalli da ke buɗe wani fom ko rasit yana fara adana layin da ake kai.

5. Lambar shaida ake miƙawa lokacin buɗewa, kuma kowane fom yana rubuta sunan mai riga da lambar riga a samansa da manyan baƙaƙe, domin mai aiki ya san a kan wa yake rubutu.

6. Idan aka rufe fom na abokin ciniki, fom na rigar da aka buɗe daga gare shi yana rufewa tare da shi, bayan an tambayi mai aiki ko zai adana abin da bai adana ba.

Idan shago ya bunƙasa har aka sa kwamfuta ta biyu, ƙa'ida ta farko ba za ta wadatar ba, domin mutum biyu za su iya buɗe fom iri ɗaya a kan riga ɗaya. A wannan hali sai a raba fayil ɗin gida biyu, jadawalai su zauna a kwamfuta guda, kowane mai aiki kuma ya samu nasa kwafin fom-fom, sa'an nan a sa kullewar layi guda a fom na riguna. Access takan sabunta layukan da aka riga aka ɗebo duk bayan daƙiƙa 60 idan ba a canza adadin ba, amma sababbin layuka sai an ba da umarnin ɗebowa daga farko.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar fom da bambancinsa da jadawali, an kawo taƙaitaccen tarihin yadda aka tashi daga shafi guda zuwa tagogi da yawa, an kuma nuna cewa yanayin sana'ar ɗinkin riga a Birnin Zazzau, inda riga guda take bin hannaye da yawa kuma ake biyan kuɗinta kashi-kashi, shi ne ya wajabta buɗe fom fiye da ɗaya. An tattauna hanyoyi uku na buɗewa da matsaloli biyar da ke biyo baya, aka ga cewa huɗu daga cikinsu tushensu guda ne, watau tazarar da ke tsakanin abin da fom yake nunawa da abin da ke cikin jadawali, ta biyar kuma tana ƙara tsananta ne gwargwadon yawan gyaran da aka bari ba a adana ba. Ƙa'idoji shida da aka kawo an tsara su ne domin mai shago ya samu saurin da yake samu a littafinsa na takarda, ba tare da ya faɗa wa abokin ciniki abin da ba shi ne a rubuce ba. A babi na biyar za a duba yadda ake fitar da rahotanni daga rumbun, musamman jerin rigunan da ranar karɓarsu ta gabato da kuma ladan da kowane mai aiki yake bi.